Wasiƙar Kara: In Kwamfuta Ta Ƙi Tashi, Kada A Yi Gaggawar Share Ta

Zuwa ga Edita,

 Na yi niyyar in ci gaba da maganar batiri wadda na fara makon jiya, amma wani abu ya faru a nan Kara wanda ya sa tilas in ajiye ta tukuna. Ga kuma takardu biyu da suka iso mini, ɗaya daga wani akawu a Kabo, ɗaya daga wani malami a Getso, kukansu kuwa dangin juna ne da na mutumin da zan ba da labarinsa. Saboda haka bari in haɗa su in amsa gaba ɗaya.

Ran wata Laraba bayan lisha ina zaune a zaure, sai ga wani malamin makaranta, abokina tun muna yara, ya yi sallama, da kwamfuta a hammata. Ga ɗan ƙanensa biye da shi, yana sunkuyar da kai kamar wanda aka kama a gonar rogo. Ko gaisawa ba mu ƙare ba ya ce, "Malam, na shiga uku. Makin jarrabawar yaran ajina duka yana cikin wannan abu, har da hotunan takardun gonar gidanmu, ran Litinin za a raba wa yara sakamako, ita kuwa ta ƙi tashi." Ya buɗe ta ya kunna. Allo ya yi baƙi ƙirin, sai 'yan kalmomi na Turanci daga sama, na ƙarshensu an rubuta grub rescue, da wani ɗan ɗigo yana ƙyaftawa, shi ke nan.

Ashe tun da safe ya hau mota ya kai ta birni wurin wani mai gyara. Mai gyaran ya kunna, ya dubi allon sau ɗaya, ya ce ba ta da magani sai a yi mata fomatin, watau a share abin da ke cikin faifanta ƙaf, a zuba mata Windows sabuwa. Malam ya ce, "To, takarduna fa?" Ya ce, "Sai haƙuri, Malam." Allah ya taimaki abokina zuciyarsa ba ta kwanta ba, ya ce a ba shi kayarsa zai yi shawara. Da ya yarda, da yanzu wani labari mu ke yi.

Na juya wajen yaron na ce ya faɗa mini abin da ya yi tun daga farko, kada ya rage kome, ba duka ba zagi. Ya ce shi dai taimako ya yi nufi. Kwamfutar Baffansa tsohuwar Dell ce ta hannu, tana da Windows 10, ya kuwa ji an ce kamfanin Microsoft ya rufe tallafin da ya saba yi wa Windows 10 tun ran 14 ga Oktoba 2025, ita kuma wannan kwamfuta ta tsufa, ba ta cika sharuɗan karɓar Windows 11 ba. Sai ya ga gara ya sa wa Baffa Ubuntu a gefe guda, ya riƙa koyo sannu sannu, Windows tana nan wurinta. Gaskiya yaro ya yi tunani, ban ga laifinsa a nan ba. Ga wanda bai sani ba, Ubuntu wani reshe ne na babbar manhajar nan Linux, wadda wani ɗalibi mai suna Linus Torvalds ya fara a birnin Helsinki na ƙasar Finland cikin 1991. Ita Ubuntu ta fito cikin 2004, a hannun wani mutumin Afirka ta Kudu, Mark Shuttleworth. Kyauta ce, ba a biyan ko anini, kuma tsofaffin kwamfutoci da yawa su kan ji daɗinta.

Inda ya fara ɓata rawarsa da tsalle shi ne wurin kunna filashin da ya zubo Ubuntu a ciki. Ya sa filashi, kwamfuta ta ƙi kula shi. Sai ya shiga saitin da ke can ƙasa, ya juya wani abu daga UEFI zuwa Legacy, filashi ya tashi, ya yi murna, ya yanka wa Ubuntu wuri a faifai ya zuba ta. Da aka sake kunnawa sai Ubuntu kaɗai ke fitowa, Windows ko ƙyallinta babu. Baffa ya yi faɗa. Yaro ya tsorata, ya ce bari ya cire abin da ya sa kome ya koma yadda ya ke, ya sake sa filashi ya share yankin Ubuntu. Daga nan Ubuntu ta tafi, Windows ba ta dawo ba, aka bar su da baƙin allo. Garin neman gira aka rasa ido ke nan.

To, jama'a, kafin in faɗi yadda muka yi, tilas in ɗan tsaya in bayyana abin da ke gudana tsakanin danna makunni da fitowar Windows, domin duk wahalar nan daga rashin sanin wannan ta ke. Mutane da yawa suna zaton da an danna makunni Windows ce ke farkawa. Ba haka ba ne. Ku ɗauki faifan kwamfuta kamar gida ne mai ɗakuna. Windows tana zaune a ɗakinta da dukan kayanka, takardu da hotuna da kome. In ka sa Ubuntu, ka yi mata kishiya ke nan, an yanka wa amarya nata ɗakin a cikin gida guda. Amma ba uwargida ba amarya, babu wadda ke iya tashi da kanta. Akwai mai gadi, wata 'yar ƙaramar manhaja da a ke dasawa a jikin ƙarfen kwamfuta tun daga masana'anta, ba a cikin faifai ta ke ba. Shi ne ke fara farkawa, ya dudduba ko kayan aiki lafiya, sa'an nan ya nemi mai iso. Mai iso kuwa shi ya san hanyar ɗakuna, shi ke zuwa ya ta da wadda za ta yi aiki. Windows tana da nata mai iso, sunansa Windows Boot Manager. Ubuntu tana da nata, sunansa GRUB. In mai gadi ya rasa mai iso, ko mai iso ya ɓata hanya, sai ka ga baƙin allo, alhali kuwa ɗakuna suna nan a rufe da kayansu, ko tsinke bai ɓata ba. Wannan ita ce maganar da na ke so kowane akawu da malami ya riƙe. Wanda ya share faifai domin kwamfuta ta ƙi tashi, daidai ya ke da wanda ya rushe gida da kaya a ciki domin ƙofar zaure ta cije.

Mai gadin nan iri biyu ne, tsoho da sabo, a nan kuwa yawancin rikici ya ke. Tsohon shi ne BIOS, wanda ya zo tare da kwamfutar kamfanin IBM ta 1981. Shi ba ya iya karatu sosai. Abin da ya sani shi ne ya je farkon faifai ya ɗauki wani ɗan guntu mai bayit 512, watau kamar gurbin haruffa 512, ya bi abin da aka rubuta a ciki. Wannan tsari tun 1983 a ke amfani da shi. Cikin 512 ɗin nan, 64 na lissafin ɗakuna ne, ɗaki huɗu kacal, biyu na ƙarshe hatimi ne, sauran 446 su ne mazaunin mai iso. Ku dubi ƙanƙantar wurin. Kujera ɗaya ce tak, ba ta ɗaukar mutum biyu, saboda haka duk manhajar da aka sa daga baya sai ta ture mai ison da ta tarar ta ɗora nata. GRUB yana da kirki a nan, in ya hau kujerar ya kan nuna maka sunayen matan gida duka ka zaɓa. Na Windows kuwa uwargijiyarsa kaɗai ya kan nuna. Shi ya sa masana suka ce a fara sa Windows, kana a sa Linux, kada a juya. Har wa yau, da ya ke wurin ya yi wa GRUB kaɗan, rabin jikinsa ne kawai ke can, sauran yana cikin ɗakin Ubuntu. Da yaronmu ya share wannan ɗaki, rabin da ya saura ya farka ya nemi ɗan'uwansa ya rasa, shi ne ya tsaya yana kiran a kawo agaji. Ma'anar grub rescue ke nan, ba wani abu ba.

Sabon mai gadi shi ne UEFI. Kamfanin Intel ya faro shi, manyan kamfanoni suka haɗu a kansa cikin 2005, ya kuma bazu sosai daga 2012 sa'ad da Windows 8 ta fito. Shi ya yi makaranta, yana karanta fayil. A tsarinsa a kan keɓe wani ɗan yanki a faifai, sau da yawa megabayit 100 ko fiye kaɗan, ya zama zaure. A cikin zauren kowane mai iso yana da tabarmarsa, ga ta Microsoft, ga ta Ubuntu, ba mai ture wani. Mai gadi kuma yana riƙe da jerin sunayensu, wanda ke sama shi a ke fara kira. Kwamfutocin da aka yi tsakanin zamanin biyu da yawansu suna da sabon mai gadi wanda ke iya kwaikwayon tsoho in an umurce shi, wannan kwaikwayo shi a ke kira Legacy. Irinsu ne suka cika hannun malamanmu, domin su ne 'yan hannu masu sauƙin kuɗi.

Yanzu kun ga abin da ya sami abokina. Windows ɗinsa a sabon tsari aka sa ta, mai isonta yana zaune lafiya lau a zaure. Yaro ya umurci mai gadi ya koma halin tsoho, daga ran nan mai gadi ya daina leƙa zaure, sai farkon faifai. GRUB ɗin da aka sa ta tsohuwar hanya kuma ba shi da ikon ta da Windows ɗin da aka sa ta sabuwar hanya, shi ya sa bai ko ambaci sunanta ba. Dokar ita ce, hanyar da uwargida ta shigo, ta nan amarya za ta shigo.

Na ce da yaron ya kawo filashin nan nasa. Malam ya zabura ya ce, "Haba Malam, abin da ya jawo mana masifa shi za ka sake sawa?" Na ce ya kwantar da hankalinsa. Filashin Ubuntu yana da wani amfani babba wanda ko masu gyara ba duka suka damu da shi ba. In ya tashi ya kan ba ka zaɓi biyu, ko ka sa manhajar a faifai, ko ka gwada ta kawai, inda aka rubuta Try Ubuntu. In ka zaɓi gwaji, daga cikin filashin za ta yi aiki, ba ta rubuta kome a faifanka, amma tana iya leƙa ɗakunan da ke ciki. Muka zaɓi gwaji, na buɗe ma'ajiyar fayil, na danna babban yankin faifai, na shiga Users, na shiga sunan malam. Sai ga takardunsa jere reras, makin yara aji aji, da hotunan takardun gona. Dattijo ya yi shiru, can ya ce, "Alhamdu lillahi," ya share ido da hannun riga. Muka kwashe su duka muka zuba a wani filashi dabam tun ba mu taɓa kome ba. Ina roƙon mai karatu ya lura da wannan jeri. Kwashe kaya shi ne farko, gyara shi ne na biyu, ko da kana ganin gyaran na minti ɗaya ne, domin hannu ya kan goce, wuta kuma ta kan ɗauke ba sallama. Wani lokaci za ka ga faifan ya buɗe amma ya ƙi yarda a rubuta masa kome. Kada wannan ya dame ka. Tun daga Windows 8 akwai wata dabara mai suna Fast Startup, wadda ke sa Windows ta yi ɗan gyangyaɗi maimakon ta mutu sosai in an kashe ta, sai ta bar ɗakinta a saƙale. Kwafa dai tana yiwuwa, ita ce kuwa bukatarka.

Da muka gama na cire filashi, na kunna, na yi ta danna F12 tun kafin sunan kamfanin ya ɓace daga allo. Jeri ya fito kashi biyu, na tsohuwar hanya a sama, na sabuwa a ƙasa, ga Windows Boot Manager a ƙarƙashin UEFI yana zaune yana jiranmu. Na zaɓe shi. Windows ta tashi garau kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Na sake kunnawa na shiga saiti da F2, na mai da mai gadi kan UEFI yadda ya ke da, na adana. Aikin da aka ce ba shi da magani sai fomatin, ko shayin da aka kawo mana bai huce ba muka ƙare shi. Madannin nan ya bambanta bisa ga kamfani. A Dell F12 ne na jeri, F2 na saiti. A HP F9 ne na jeri, F10 na saiti. Lenovo ma yawanci F12 ne. Ya kamata kowa ya san na tasa kamar yadda ya san mabuɗin ɗakinsa.

Ba na cewa mai gyaran nan macuci ne. Fomatin ya fi masa sauƙi, sa'a guda ya gama ya karɓi kuɗinsa, kwamfuta kuwa lalle za ta tashi, mai ita ya tafi yana godiya yana kuka. Amma aikin shekara biyar na malami ba abin da za a ce masa sai haƙuri ba ne tun ba a gwada kome ba. In ka kai taka gyara aka ce sai an share, ka ce a fara ta da ita da filashi a nuna maka takardunka a kwashe. In ya ce ba ya iyawa, ɗauki kayarka ka yi gaba. Akwai dai lokacin da faifan kansa ne ya mutu, ka ji yana ƙara ƙas ƙas, ko mai gadi ya daina ganinsa sam. Wannan ciwo ne dabam, ba shi mu ke magana ba yau.

Malam ya rantse ba za a sake sa masa wata Ubuntu ba har abada. Na bar shi ya huce, bayan an raba sakamako na koma masa da magana, domin yaron yana da gaskiya, Windows ɗin da aka daina yi wa gyara kamar gida ne da aka daina yi wa yaɓe. Ya yarda da ƙyar. Wannan karo muka kashe Fast Startup tukuna, muka sa filashi, muka danna F12, muka zaɓi sunan filashin da ke ƙarƙashin UEFI, ba wanda ke sama ba, gama filashi ɗaya ya kan fito sau biyu a jerin nan, nan ne kuwa mutane ke zamewa. Alamar ka shigo daidai ita ce mai sakawa zai ce ya ga Windows Boot Manager, ya tambaye ka ko a sa Ubuntu a gefensa. In bai ambaci Windows ba, ya nuna maka share faifai kaɗai, tsaya nan, kada ka ƙara danna kome, ka fita ka sake shiri. Yanzu in malam ya kunna, sunaye biyu ke fitowa, ya zaɓi wadda ya ga dama. Ya ce rabon kwana ya daidaita.

Sai takardar akawun Kabo. Ya ce shi ta sabuwar hanya ya sa duka biyun, ya tabbata, amma GRUB bai nuna Windows ba. Malam akawu, ga abin da na fi zato. GRUB yana da wani ɗan aike mai suna os-prober, wanda ke zagaya ɗakuna ya gano ko akwai wata manhaja. Tun daga GRUB 2.06, wanda ya fito cikin 2021, masu shi suka bar ɗan aiken nan a kashe saboda tsaro, sai wanda ya so ya kunna. Ka shiga Linux, ka buɗe fayil ɗin nan /etc/default/grub da iznin mai gida, ka ƙara layi guda a ƙasa, GRUB_DISABLE_OS_PROBER=false, ka adana, sa'an nan ka ba da umurnin sudo update-grub. Ka rubuta su harafi da harafi yadda na rubuta, domin kwamfuta ba ta san "ai ka gane nufina" ba. Kafin ka yi wannan ma, madannin jeri zai kai ka Windows duk sa'ad da ka so.

Malamin Getso kuwa nasa juyin wannan ne. Ya shekara yana aiki da biyun lafiya, ran nan Windows ta yi sabuntawa, tun daga sa'an nan ita kaɗai ke tashi. Malam, Ubuntu ɗinka tana nan. In kwamfutarka mai sabon tsari ce, sunan Windows ne ya hau saman jeri, ka shiga saiti ka mai da sunan ubuntu sama, shi ke nan. In mai tsohon tsari ce kuma aka sake sa Windows, to, an ture GRUB daga kujerar nan guda, sai ka tashi da filashin gwaji, ka jawo wata 'yar manhaja mai suna Boot-Repair ta intanet, ta mai da shi. Wanda kuma ya gaji da Linux ya share ta a tsohon tsari ya faɗa baƙin allo, filashin Windows zai nema, ya zaɓi gyara maimakon sakawa, ya buɗe wurin rubuta umurni ya rubuta bootrec /fixmbr, mai ison Windows ya koma kujerarsa. Wannan umurni ba ya taɓa takardu.

Kada kuma kowa ya ɗauka kullum laifin mai kwamfuta ne ko na yaran gida. Cikin Agusta 2024 Microsoft ya aiko da wata sabuntawa domin toshe wata kafa a tsofaffin GRUB. Kamfanin ya ce bai nufi ta shafi masu manhaja biyu ba, amma ta shafi waɗansu, mutane a ƙasashe da yawa suka wayi gari Linux ta ƙi tashi, allo yana cewa an saɓa dokar tsaro. Abin ya bi ta wani tsari ne mai suna Secure Boot, wanda ke sa mai gadi ya duba hatimin kowane mai iso kafin ya bar shi ya wuce. Waɗanda abin ya sama suka kashe Secure Boot na ɗan lokaci, suka shiga Linux suka sabunta ta, aka zauna lafiya, kamfanin kuma ya gyara nasa ɓangaren cikin Mayu 2025. Waɗanda suka yi gaggawar sharewa su kaɗai suka yi hasara.

Amma fa akwai wuri guda da maganata ta cewa kaya suna nan ta ke da sharaɗi, tilas in faɗa kada in ɗauki alhakin wani. Waɗansu kwamfutoci, musamman sababbi da waɗanda suka fito daga manyan ofisoshi, faifansu a kulle ya ke da wani kwado mai suna BitLocker. In yana kunne, filashin gwaji ba zai karanta takardunka haka kawai ba, kuma taɓa Secure Boot ko canja tsarin tashi ya kan sa Windows ta tsaya ta ce sai ka kawo mabuɗi, lamba 48 cif. Sau da yawa mabuɗin yana ajiye a asusun Microsoft na wanda ya fara shirya kwamfutar, in kuwa ta hannu ka saya, wannan mutum yana iya zama wani Bature da ba ka taɓa gani ba. Saboda haka tun kwamfuta tana lafiya ka duba ko kwadon nan yana kunne, ka fitar da lambar ka rubuta a takarda, ka sa inda ka ke ajiye takardun gona. Ba a fafe gora ran tafiya. Ta abokina ba ta da shi, shi ya sa muka sha da sauƙi.

Na zaci magana ta ƙare, sai ga malam bayan kwana uku ya dawo, wannan karo da dariya. Ya ce, "Malam, amaryar nan taka ta fara makirci. Duk ran da na shiga wurinta na koma Windows, sai in tarar agogo ya koma baya da sa'a guda. Jiya saura kaɗan in makara aji." Na ce ba makirci ba ne, saɓanin lissafi ne. A jikin kwamfuta agogo ɗaya ne, kowace kuwa da yadda ta ke karanta shi. Ubuntu ta kan saita shi bisa agogon GMT, wanda mu ke ji a rediyo, sa'an nan ta ƙara sa'a guda da kanta domin ta nuna agogon Nijeriya da Nijar. Windows kuwa ta ɗauka abin da ta tarar a agogon shi ne lokacin gari, sai ta nuna shi yadda ya ke, ƙarfe takwas ta zama bakwai. Muka shiga Ubuntu na rubuta timedatectl set-local-rtc 1, muka koma Windows muka daidaita agogo sau ɗaya. Yaron yana tsaye yana rubuta umurnin a bayan littafinsa, Baffansa ya dube shi ya ce, "Rubuta da kyau, amma in ka sake taɓa ta ban sani ba, ni da kai ne."

Maganar batiri sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Mai tambaya ya rubuto ta hannun Edita, ya faɗi sunan kamfanin kwamfutarsa, da abin da allo ya rubuta harafi da harafi, da abin da aka yi mata na ƙarshe kafin ta ƙi tashi. Haza wassalam.

Ni ne naku,
Malamin Kara,
Ƙasar Gwarzo.